Ramalan da Awarar Ƙofar Masallaci

Ramalan ɗan Fulanin Dawaki ne a ƙasar Rano, irin waɗanda suka ajiye sanda tun zamanin kaka suka kama fartanya, amma girman kai na nan daram. Da aka tura shi ƙasar Sin koyon gyaran injin casar shinkafa na wata shida, tare da Maharazu, wani Bahaushen Kibiya, sai ya sauka da doka biyu. Ta farko, ba zai ci abincin mutanen da aka ce masa har kwaɗo suna soyawa ba. Ta biyu, ɗan gidansu ba ya cin abu a titi, idon jama'a na kansa.

To, garin da suka sauka kowa a titi yake ci. Maharazu kuwa kwana uku da zuwa ya san duk rumfar da Musulmi ke sayar da abinci, har kumatu ya yi. Ramalan ya riƙa binsa da kallon raini.

"Kai dai ba ka da kunya. Ko me aka miƙo maka sai ka buɗe baki."

"Ina dai bismillah, Malam Ramalan," in ji Maharazu yana suɗe yatsa.

Garin kunun da Inna, mahaifiyarsa, ta ƙullo masa ya ƙare a sati na biyar. Ya koma biskit da ruwan shayi, wai shi mai mutunci. Wando ya fara zamewa. Ran nan jiri ya ɗebe shi a gaban injin yana gudu, saura kaɗan bel ɗin injin ya tafi da hannunsa. Malaminsu ya faɗa masa ƙarara ta bakin tafinta: ya sake faɗuwa, gida za a mayar da shi. Nan tsoro ya kama shi. Mutumin da rabin Dawaki suka raka tasha, ya koma ba takardar shaida, a ce yunwa ce ta koro shi?

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, Maharazu ya ja shi gaban wani tsoho mai farar hula da ke soya wasu fararen gutsattsari yana barbaɗa musu barkono. Ramalan ya karɓi kwanon takarda kamar an ba shi garwashi. Sai ya zagaya gefen rumfar, ya tsuguna, ya kafa fuska a bango, ya ja babbar riga ya lulluɓe kansa da kwanon.

Wannan ita ce wautar. A titin nan ba wanda ya taɓa kallon mai ci, amma baƙo tsugune a jikin bango cikin lulluɓi, ai sai aka taru. Wata tsohuwa ta zaci ciwo ne, ta ɗage rigar. Ga Ramalan, baki cike, mutum ya fi ashirin a kansa.

"Maharazu," ya ce da kyar, "awara ce!"

Awara dai, wadda ake soyawa a ƙofar kowace firamare a Rano. Saboda gudunta ya kusa rasa hannu.

Ya cinye, ya ƙara kwano biyu a tsaye, tunda abin da yake gudu ya riga ya faru. Maharazu, ɗan neman magana, ya ɗauki hoto ya tura Dawaki. Ramalan ya shiga fargaba, yana jiran a ce ya zubar da mutuncin gida.

Da la'asar saƙon muryar Inna ya shigo. Ko kalma ba ta ce a kan cin abinci a titi ba. Kuka take yi.

"Ramalan, wannan wuyan naka ne ya rame haka? Maharazu, don Allah ka sayo masa babban kwano."