Ƙarfen Jar Motar Munir

Shekarata ashirin da bakwai ina kwance ƙarƙashin motoci a garajina na Magarya, ban taɓa ganin motar da ba ta dace da ƙasarmu ba kamar wadda Munir ya sayo daga Kwatano. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta bi ta ƙarƙashinta. Ta tsere ce, amma ta sha jiki a hannun Turawa kafin ta iso mana.

Munir mai sayar da wayoyi ne a bakin kasuwa. Ba don 'yan mata ya saye ta ba, ko da yake haka gari ya ɗauka. Burinsa ɗaya ne: mahaifinsa, Malam Mamuda, manomi a wani ƙauye bayan Yekuwa, ya zauna a cikinta ya sa masa albarka. Tun ranar da Munir ya bar gona ya zo birni tsohon bai ƙara yaba masa komai ba.

Sau ɗaya Malam Mamuda ya shiga. A kwanar farko motar ta kwanta gefe guda, tsoho ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya ce a tsaya. Ya fita, ya kakkaɓe riga.

"Amalankena ta fi wannan natsuwa," in ji shi, ya tafi tasha da ƙafa.

Washegari Munir ya zo mini idonsa jawur.

"Kawu Wada, mene ne ke sa ta kwanciya a kwana?"

Na ɗaga ta na nuna masa. Akwai wata lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, mu muna ce da ita bar. Ita ke riƙe mota kada ta karkata. Tasa siririya ce, robobinta sun mutu. Na ce mu canja robobin kawai. Ya ce a'a, ya gani a waya akwai masu kauri, gaba da baya, waɗanda ke sa mota ta miƙe tsaf ko wace irin kwana aka sha.

"Wannan na masu gudron ne, kwalta har ƙofar gida," na ce masa. "In ka ɗaure ƙafafun da ƙarfe mai kauri, ba za su iya bin rami ba. Ɗaya ta hau tudu, ɗayar sai ta tashi sama. Hanyar garinku ka manta da ita?"

"Ni dai kada ta kwanta da Baba."

Na yi faɗa, na yi tsaki, amma da sandunan suka iso daga Kano ni ne na ɗaura su da hannuna. Gaskiya kuma aikin ya burge ni. Muka fita gwaji a hanyar Zinder, ya sha kwana da gudu, ruwan da ke cikin kofina bai zube ba. Har dariya na yi, Allah ya yafe mini.

Tsohuwar sandar gaba na jefar bakin ƙofa. Ranar kasuwa Malam Mamuda ya biyo ta garajin, ya gan ta, ya ɗaga ya jijjiga.

"Wannan fa?"

"Ta motar ɗanka ce, Malam. Ya cire ta saboda kai, wai kada ka ƙara jin tsoro."

Ya juya ta a hannu yana kallonta. Sannan ya ce ƙarfe ne mai kyau, in ba shi, maƙerin garinsu zai miƙar masa ita ya yi dagi, abin haƙa rami. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Ka gaya masa bayan girbi zan sake shiga." Na gaya wa Munir. Daga ranar kullum sai ya wanke motar sau biyu.

Girbi bai zo ba. Wata safiya a tsakiyar damina ƙanwarsa Saratou ta kira shi: Baba ya faɗi a gona, ya cika. Baffansu ya ce za a jira Munir zuwa azahar, ba za a wuce ba, don gawa ba ta son zafi.

Na ce masa ya hau kabu-kabu, babur zai kai shi cikin awa ɗaya da rabi. An yi ruwa kwana biyu a jere.

"Da ita zan je, Kawu. Ya ce zai shiga. Ko a ƙofar gida ya kamata ta tsaya."

Ban hana shi ba, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu bayan ɗaura sandunan. Na ɗebi lakilen kwance noti da shebur na shiga.

Inda hanya ke da kyau kamar iska muka tafi. Bayan Yekuwa muka shiga yashi, muka tarar ruwa ya yanka hanya a karkace. Ramin bai kai gwiwa ba. Da tsohuwar sanda ce, ƙafafun za su saki jiki su bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko da cikin motar zai gogi ƙasa. Amma ƙarfen da na ɗaura ya ƙi lanƙwasa. Ƙafar gaba ta hau gaɓa, ta baya ta hagu ta tashi sama tana juyawa a banza. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ta karkata ko kaɗan ba.

Na shiga ƙarƙashi in kwance sandar. Nauyin mota duk ya murɗe a kanta, noti ya ƙi motsi. Muka haƙa, muka cusa itace, muka tura. Na ce masa ya bar ni nan ya tafi da ƙafa. Sau uku yana cewa saura kaɗan. Sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu ya yarda, wani mai amalanken shanu ya ɗauke mu. Shanu kuwa ba su san sauri ba.

Muna shiga gari muka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Baffansa ya riƙe masa hannu ya ce, "Mun jira, Munir. Har liman ya ƙara mana lokaci." Ba wanda ya zarge shi, da ma sun zarge shi da ya fi sauƙi.

Na raka shi kabarin. Ƙasar ɗanya ce, an ɗora ƙaya a kai. Ya durƙusa ya buɗe hannu. A jikin bishiyar aduwa masu haƙa sun jingine kayan aikinsu, cikinsu har da wani dagi, laka na manne a bakinsa. Maƙerin ya miƙar da shi sosai, sai dai bai toshe hudar noti da ke ƙarshensa ba. Na yi ƙoƙarin tsayawa tsakaninsa da Munir, amma ya riga ya gani.

"Kawu Wada, wancan ba..."

"Shi ne," na ce.

Motar kwana huɗu ta yi a ramin kafin shanu su jawo ta. Tana bayan garajina yanzu, tayoyinta sun sace, awaki na kwana a gindinta. Munir yana wucewa ta nan kullum in zai tafi shago, yana gaishe ni da ladabi, bai taɓa juya kai wajenta ba. Ni ma ban taɓa tambayarsa ko in kwance sandunan ba.