Kalma Biyu a Jakar Faivel

Ranar Lahadi da la'asar, saura kwana tara bikin Sabuwar Shekararmu ta Yahudawa, Faivel Rudnik ya mayar wa malaminmu, Rabbi Gerstner, ƙahon ragon da ya shekara goma sha tara yana busa wa jama'a ranar bikin a ƙaramar majami'armu ta Baltimore, a Amurka. Ba wanda ya ce ya mayar. Abin ya faro ne da safiyar ranar, daga wata 'yar takarda.

Faivel mai gyaran agogo ne, shekarunsa hamsin da takwas. Yana cikin mutum shida da ke zama da Rabbi kowace Lahadi bayan addu'ar safe, suna karatun gyaran hali. Tushen karatun sananne ne: da wuta da iska da ruwa da ƙasa aka gina mutum. Fushi da girman kai 'ya'yan wuta ne, surutu na iska, kwaɗayi na ruwa, kasala ta ƙasa. Duk shekara a watan Elul, watan ƙarshe kafin bikin, kowannensu yakan zari sunan ɗan'uwansa daga cikin hular Rabbi, ya rubuta da manyan baƙaƙe abin da ya fi rinjayar mutumin, da sunan wanda ya kamata ya yi koyi da shi cikin kakanninmu na Attaura, sannan ya faki ido ya saka masa a jakar mayafin addu'a. Doka ɗaya ce: ba a tambayar wanda ya rubuta.

Shekara goma sha ɗaya Faivel yana samun abu guda: Ƙasa, Ibrahim. Wato ya rage kasala, ya koyi sammakon kakan. Bai taɓa jin haushi ba, a jikin firij ma yake liƙa takardun. Bana ya zuge jaka ya tarar da: Wuta, Ishaku.

Sai da ya koma gida karin kumallo ya shimfiɗa takardar a gaban matarsa.

"Gittel, shekara talatin da aurenmu. Na taɓa ɗaga miki murya?"

"Ba ka taɓa ba," in ji ta, tana yanka albasa.

"Na taɓa buga ƙofa?"

"Kai da ko cokali a hankali kake ajiyewa."

"To wannan ba gyaran hali ba ne. Mai busa wa jama'a ƙaho dole ya zama ba ya riƙe da kowa a zuciya. Wani ne yake so a fara cewa ni mafaɗaci ne."

"Ci ƙwanka kafin ya huce."

A shago ya ture agogon da ke kan tebur, ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya duƙa kan takardar. An yage ta daga littafi mai layi. Biro shuɗi. A kusurwa akwai ɗigon maiƙo. Ya bi abokan karatun biyar ɗaya bayan ɗaya. Tsoho Laizer yana asibiti tun Talata, ya fita daga lissafi. Biyu ba su damu da wanda ke busawa ba, muddin an tashi da wuri. Na huɗu likitan haƙori ne, da alƙalami baƙi yake rubuta komai. Saura Anshel Drukman mai gidan burodi, wanda duk unguwa ta san surukinsa Naftali ya wata biyu yana koyon busa a garejinsa, har karnukan maƙwabta sun gaji.

Ƙarfe ɗaya saura Faivel ya rufe shago ya tsallaka titi. Gidan burodin a cike yake da mata masu ba da odar burodin biki. Rivka, 'yar Anshel, matar Naftali, ita ce a bakin kanta.

"Malam Faivel!" in ji Anshel daga bakin tanda. "Mai agogo ya fito kafin lokaci. Ko ƙasar ce ta girgiza?"

Faivel ya ɗora takardar a kan kanta. "Maiƙon nan na gidanka ne?"

Anshel ya leƙa, ya goge hannu a riga. "Ka san ba zan ce ni ne ba, ba zan ce ba ni ba ne. Da ni da kai muka amsa dokar."

"Dokar ta masu gyara ce, ba ta masu nema wa suruki muƙami ba."

"Haba. Naftali? Yaron da in ya busa sai ka ce akuya ce ta maƙale a shinge? Ɗauki biskit ka koma aiki."

Wasu matan suka yi dariya. Faivel bai yi ba. Muryarsa ta ƙara yin ƙasa, yadda waɗanda ke layi sai da suka yi shiru kafin su ji.

"In yana son ƙahon, ya zo ya roƙa da bakinsa. Ya dace ya samu abin yi. Shekara huɗu mutum yana cin burodin uban matarsa, ko ba komai ya koyi hura wani abu."

Rivka ta ajiye ledar da ke hannunta. Fuskarta ta yi fari fat, ta shige ciki. A karatunsu na Lahadi sun sha maimaita cewa wanda ya sa fuskar mutum ta yi fari a bainar jama'a kamar ya zubar da jininsa ne.

Anshel ya tura masa takardar da yatsa ɗaya. "Har yanzu ban ce ni ne ba. Amma ko wane ne, ya san ka."

Faivel ya koma shago ya zauna awa biyu bai taɓa agogo ba. Daga nan ya je gida, ya ɗauko ƙahon a cikin jakarsa ta ƙyalle, ya nufi ofishin Rabbi da ke bayan majami'a. Labari ya riga shi isa.

"Kakanmu Ishaku, da aka ƙwace masa rijiya, bai yi faɗa ba," in ji Faivel, yana ajiye ƙahon a kan tebur. "Ya matsa gaba ya haƙa wata. An ce in yi koyi da shi. Ga rijiyar."

Rabbi Gerstner bai taɓa ƙahon ba. "Ishaku bai tsaya ya zagi makiyayan ba kafin ya matsa. Kuma ba wanda ya ƙwace maka komai. Wannan da ka kawo, haƙuri ne, ko so kake ranar biki kowa ya waiwaya yana tambayar ina Faivel?"

Rabbi ya ci gaba.

"Rivka za ka fara nema, ba ni ba. In ta ƙi yafewa, ka koma, har sau uku. Bayan nan ma yi maganar ƙaho." Rabbi ya jawo aljihun tebur, ya ciro ambulan. "Akwai kuma wannan. Wanda ya zari sunanka bai samu zuwa majami'a ba duk makon nan. Ɗazu da na je dubiya asibiti ya ba ni, ya ce in ba ka haƙurin jinkiri."

Faivel ya buɗe. Baƙaƙen manya ne, a karkace: Ƙasa, Ibrahim.

"To ta safe fa?"

"Suna shida na saka a hula," in ji Rabbi. "Naka sau ɗaya yake ciki."

Faivel ba ya barin jakar mayafinsa a majami'a kamar sauran. Kullum da ita yake komawa gida, ya ajiye ta a kan kabad ɗin kicin, kusa da littafi mai layi da Gittel ke rubuta cefane.

Da ya shiga, tana juya miyar kaza. Ta dubi hannunsa, ta ga babu ƙaho, ta ce abinci ya kusa. Ya liƙa takardar Laizer a jikin firij, ƙarƙashin goma sha ɗayan da suka gabata. Ɗayar tana aljihun rigarsa.

Ƙahon yana kan teburin Rabbi, ba a ba kowa ba. Faivel ya je wurin Rivka sau ɗaya, ba ta fito ba. Gittel kuwa, har yau bai tambaye ta ko ita ta rubuta ba.