Yaran Ɗakin Ajiya

Shekara goma sha shida Malama ke koyarwa a sakandaren nan, alli ya busar mata da yatsu, ihun 'yan aji uku ya dusashe mata murya. Ranar Talata, ko jakarta ba ta ajiye ba shugaban makaranta ya aiko kiranta.

"Baƙi za su zo daga ofishin ilimi ƙarfe goma," in ji shi, yana ta laluben tabarau alhali ga shi a goshinsa. "Darasinki za su kalla, na haƙƙin ɗan Adam ɗin nan. Kin dai san yadda muke yi."

Ta sani mana. Duk ranar baƙi, sai a tsince yaran da bakinsu ke da nauyi wajen ba da amsa, a tura su ɗakin ajiya wai su jera littattafai, a aro masu kaifin ƙwaƙwalwa daga ajin kusa a cike kujerun. Malamin aji shi ke rubuta sunayen da hannunsa. An daɗe ana yi, har ba wanda ke jin kunyar abin.

"Ranka ya daɗe, darasin fa a kan hana wariya ne."

"Yauwa! Shi ya sa nake so ya yi kyau. Kuma yarinyar nan mai i'ina, kada in gan ta."

Yarinyar, wadda 'yan aji ke kira Sannu-sannu, mako biyu ke nan tana tsayawa bayan an tashi, tana maimaita layi uku kan cewa kowa an haife shi da daraja daidai da ta kowa. Malama ce da bakinta ta yi mata alkawarin za ta karanta su a gaban aji yau. A iya sanin Malama, ba a taɓa ba yarinyar karatu a fili ba.

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai idonta ya sauka kan takardarta ta neman canji zuwa makarantar kusa da gida. Wata bakwai tana kan teburin nan tana jiran sa hannunsa, ita kuwa kullum mota biyu take hawa da ciwon gwiwa. Haba, wa zai ja da mai riƙe da wuƙa da nama? Ta karɓi biro ta rubuta sunaye tara, na yarinyar a ƙarshe.

Darasi kam ya yi kyau, ba ƙarya. Yaran aro suka yi ta ɗaga hannu kamar masu neman tsayar da mota. Wata mai zaƙin murya ta karanta layukan nan uku ba gargada. Babbar baƙuwar ta yi tafi, ta ce da ma kowace makaranta haka take. Malama ta yi murmushi, amma ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tsani kanta, ta tsani allon da ta cika da manyan baƙaƙe.

Da motar baƙi ta fice, ta ja ƙafa zuwa ɗakin ajiya. Zafi, ƙura, karyayyun kujeru an jibge su har rufi. Yara takwas suka fice da gudu suna dariya, su dai sun huta da karatu. Sannu-sannu ce kaɗai ta tsaya tana kakkaɓe hannu.

"'Yata," Malama ta fara, "wallahi ni..."

"Ba-ba komai, Malama. Tun aji ɗaya na-nake zuwa nan. Na ma san inda ko-kowane littafi yake."

Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi wa Malama ciwo. Da ta zage ta ma da ya fi sauƙi.

Yarinyar ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo.

"Malama, kada a go-goge allon tukuna. In kwafi abin da ki-kika koya musu, kada ya fito a jarrabawa ban san shi ba."