Kwaɓi Biyu

Tsutsotsin da suka rage a kan rariya sun cika tafin hannu. Mai kwaɓi ya tsaya yana kallon yadda suke mutsu-mutsu, sannan ya watsa su cikin wutar tanda.

Kwanansa uku ke nan a sabon gidan burodin. Wata bakwai ya yi a birni ba aikin fari ba na baƙi, har aka watso musu kaya waje. Da ya ji ana neman gwanin kwaɓi a ƙauye, ga albashi ga ɗaki a bayan tanda, bai tsaya dogon bincike ba. Ya kwaso katifa da matarsa da 'yarsu Auta mai shekara biyar, suka taho.

"Maigida, fulawar nan fa ta mutu," ya ce wa mai gidan burodin. "Duk ta yi fumfuna."

"Tankaɗe ta ka ƙara sukari." Maigida ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba. "Buhunan dama na burodin da mota ke kai wa birni ne. Na hagu na mutanen nan ne, cikinsu ya saba. In ba za ka iya ba, akwai masu son ɗakin."

Ya kuwa iya. Kullum kwaɓi biyu yake yi, kuma da yake gwani ne, na hagun ma tashi yake yi ɓul-ɓul, ƙamshinsa har bakin hanya. Kullum yana jin kunyar hannunsa.

* * *

Mutanen ƙauyen dama ba su ƙaunace shi ba, don sun so a ba nasu aikin. Ɗan Birni suke ce masa, in ya yi gaisuwa a amsa masa da hanci. A bakin famfo kuwa bokitin matarsa kullum shi ne na ƙarshe, ko da ita ta riga kowa zuwa.

Sai yara suka fara amai da gudawa, gida bayan gida. Wasu suka ce ruwa ne, wasu suka fara ƙaurace wa burodin. Shi dai doka ɗaya ya kafa a ɗakinsa: kada Auta ta kuskura ta taɓa na hagu.

"Ka faɗa musu gaskiya mana," matarsa ta ce.

"In faɗa, mu kwana ina? Gindin bishiya?"

"To ni na gaji da ɓoye wa yarinya burodi a gidan burodi."

* * *

Wata rana da hantsi yana jera burodin hagu a tebur, sai ga Gwaggo maƙwabciyarsu, wadda jikanta ya kwana biyar a kwance. Mata sun fi goma a bayanta, fuska ba annuri. Ta sayi ɗaya, ta yage leda, ta gutsuro, ta miƙa wa Auta da ke wasa a gefen tebur.

"Ɗan Birni, wata biyu ina lura da kai. Ban taɓa ganin burodin nan a hannun 'yarka ba. Ko cikinta ya fi na jikokinmu daraja?"

"Ba ta son zaƙi ne, Gwaggo."

"Ina so, Baba," Auta ta ce.

Maigida ya fito ya jingina da ƙofa, ya harɗe hannu a ƙirji. Daga tagar ɗakinsu, matar mai kwaɓi na girgiza wa mijinta kai, idonta ya cika da ƙwalla. Tsoro ya kama shi, na Maigida da na matan, har ya rasa wanne ya fi. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da hannun yarinyar, ya kuma san kalmar sarai.

"Karɓi, Auta," ya ce. "Ki ce an gode."

Ta cinye tas, har da lashe yatsa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, sannan fuskarta ta saki. "Ashe zargin banza muka yi. Ka yafe mu, ɗana."

Matan suka matso suna kwance bakin zani, kowace na miƙo hannu. Gwaggo ta ture su ta shiga gaba.

"Ba ni babba guda ɗaya, in kai wa yaron nan. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba."

Ya zaɓo mata mai zafi, ya ɗaure bakin ledar.