Hannun Baban Nozomi

A kamfanin da Kuwabara yake aiki, da wuya a sami wanda zai ce maka ga abin da ya ƙware a kai da rana. Amma in an tashi daga ofis aka rankaya gidan karaoke, inda ake kama ɗaki a yi ta rera waƙa a kan kiɗan na'ura, kowa ya san wanda za a miƙa wa na'urar zaɓen waƙa. Ya san waƙar da za ta ɗauki muryar manaja Hirayama ba tare da ta kayar da shi ba. Ya san lokacin da zai sauko da kiɗa ƙasa a ɓoye don muryar mai waƙa ta kai, ya san inda ake tafi da inda ake lumshe ido a kaɗa kai. Sa'o'insa sun hau da ilimi ko da dangi, shi kuwa da babban yatsa ya riƙe kujerarsa, kuma ya daɗe da lallashin kansa cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ranar Asabar ɗin da 'yarsa Nozomi ta cika shekara sha huɗu, uwarta tana aiki a asibiti, gidan karaoken kuma ba ya ba yara ɗaki sai da babba. Dole ce ta sa aka tafi da shi.

"Baba, kai dai ka zauna a lungu," in ji Nozomi suna hawa bene. "Ban da waƙa, ban da barkwanci, kuma kada ka taɓa na'urar."

"Ni da na zo biya kawai."

"To ka biya a shiru."

Abu ɗaya ya kawo ta. Tun bazara take koyon wata waƙa mai wuya, wadda ke farawa can ƙasa kamar raɗa, ta yi ta hawa har ta ƙare a inda manyan mawaƙa ma sai sun ja numfashi. Ta iya ta, kuma yau take so ƙawayenta su ji.

Ƙawayen biyu ne. Akwai Suzune, 'yar mai shagon taliya, wadda bakinta ba shi da linzami. Akwai kuma Madoka, 'yar manaja Hirayama. Ba don ubanta aka gayyace ta ba, kujerarta ce ke kusa da ta Nozomi a aji. Sai dai Kuwabara ya san a watan nan ake zaɓen wanda za a tura reshen kamfani can arewa, inda dusar ƙanƙara ke binne mota, kuma Hirayama ne mai zaɓen.

Aka kawo soyayyen dankali da lemo kore. Suzune ta fara, ta yi ihunta da tsalle-tsallenta, na'ura ta ba ta maki saba'in cikin ɗari, ta ce na'urar kurma ce. Sai Madoka ta tashi. Yarinya ce mai kunya, kuma ta gaji muryar ubanta kaf: 'yar siririya, mai tafiya a kan layi ɗaya. Ta zaɓi waƙar da ta fi ƙarfinta. Da aka zo amshi muryar ta tsage, kunnuwanta suka yi ja, ta ƙarasa sauran tana kallon takalminta. Allo ya nuna hamsin da 'yan kai.

"Madoka, wutsiyar kyanwa aka taka ne?" in ji Suzune.

Madoka ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta zauna ta ce ita ta gama, za ta riƙa tafa musu kawai.

A zuci Kuwabara ya hango ta a gidansu da yamma, ubanta yana tambayar yadda biki ya kasance. Bai yanke wata shawara ba. Ya dai ga na'urar a hannunsa.

"Madoka, gwada wannan," ya ce, da muryar da Nozomi ba ta taɓa ji a gida ba, mai laushi kamar an shafa mata mai. "Wancan ba laifinki ba ne, lasifikar ɗakin nan ce."

Bai san waƙoƙin 'yan mata na yanzu ba, amma ya san ƙirarsu. Ya nemo wadda ba ta da hawa ba ta da gangara, mai amshi gajere da ake maimaitawa har ya gunduri mutum. Ya sauko da kiɗan kaɗan, ya ƙara amsa-kuwwa don ta rufe ramuka, ya ɗauki kacau-kacau yana kaɗa mata daidai inda za ta shiga. Madoka ta ci tamanin. Ta rufe baki da hannu, idonta na ƙyalli. Ya sa mata wata, ta ci tamanin da biyu.

"Baba," in ji Nozomi.

"Yanzu naki ne, yanzu."

Waƙarta ta hau allo. Ta miƙe ta riƙe makirufo da hannu biyu. Tun layin farko Suzune ta ajiye dankalin da ta kai baki. Muryar ta fito tas, tana hawa a hankali ba gaggawa, kuma Kuwabara, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sauraron mashaya suna yanka waƙa, ya gane nan take wannan za ta haura casa'in. Ya ji daɗi har ƙirjinsa ya cika. Sai ya waiga ya ga Madoka ta daina murmushi, ta koma kallon takalminta.

Saura kaɗan a kai ƙololuwa kiɗa ya ɗauke. Muryar Nozomi ta yi gaba ita kaɗai cikin shiru, sannan ta tsaya.

"Af, hannuna ne ya zame," in ji Kuwabara, yana sosa ƙeya. "Tsufa ke nan."

Wataƙila da abin ya wuce a haka. Amma Madoka, wadda ba ta da mugunta ko ƙwaya, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe gaskiya Babana ya faɗa. Ya ce in Baban Nozomi ne ke riƙe da na'ura, ko hankaka aka kawo sai ya ci tamanin. Wai har kashe wa sababbin ma'aikata waƙa yake in sun cika iyawa, ya ce hannu ne ya zame. Ranar da ya ba mu labari Mama har da hawaye don dariya."

Ta gama faɗa kafin ta ji abin da ta faɗa. Daga ɗakin maƙwabta ana jin wani yana ta fama da waƙar soyayya.

Kuwabara ya zauna da na'urar a cinya. Duk tsawon shekarun nan ya ɗauka sirrinsa ne, wata fasaha da yake yi a ƙarƙashin tebur. Ashe labarin cin abinci ne a gidan manaja.

"A sake sa mata daga farko mana," in ji Suzune.

"Haka ne, bari in..."

"A'a, bar shi," in ji Nozomi. Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, zaɓar mini wata. Mai sauƙi."

"Nozomi, taki ce za ki yi."

"Mai sauƙi, Baba. Ai kai ka san su."

Ya zaɓa, don bai san yadda ake ƙin umarnin da aka bayar da irin wannan murya ba. Ta rera ta sumul har tsakiya. A baiti na biyu ta makara wajen shiga, ta yi 'yar dariya, ta sosa ƙeya. Wajen ƙarshe ta ɗan kauce wa kiɗa, ba da yawa ba, daidai yadda ba za a ce da gangan ba ne. Allo ya ba ta saba'in da tara.

"Kai, Madoka, yau ranarki ce," ta ce, tana tafi da hannuwa a gaban fuska, kai a ɗan sunkuye. "Ki ƙara mana ɗaya."

Shi ya ɗauki shekaru kafin ya iya wannan. Ita a zama ɗaya ta ɗauke shi, kuma nata ya fi nasa tsabta.

Da wayar bango ta yi ƙara aka ce lokaci ya kusa, ya tambayi yaran ko a ƙara musu. Nozomi ta ce ai an gaji.

A ƙasa, uwar Madoka ta zo da mota. Aka yi godiya, aka yi ban-gajiya, Suzune ta shige baya don a rage mata hanya. Kuwabara ya tsaya a bakin titi ya rusuna yadda ake yi wa motar manya, ba a ɗagowa sai ta sha kwana. Yana cikin haka ya hangi takalman makaranta kusa da nasa. Nozomi ta jera da shi, hannuwa a haɗe a gaba, bayanta a miƙe, ta sunkuya har ta fi shi.

"Ɗago," ya ce a hankali. "Ke ba sai kin yi ba."

"Motar ba ta sha kwana ba, Baba," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba.