Ranar da Tijani Ya Haɗa Buro Biyu

Buro biyu ne, wato ofisoshin gwamnati, suka so na'urar Isufu a lokaci guda, kuma daga nan komai ya lalace.

Akwati ne na ƙarfe da gilashi, da 'yar fanka mai aiki da hasken rana. Tana busar da tumatir, ba ƙura, ba ƙuda. Isufu ya ƙera ta a bayan shagon yayansa Tijani, a unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset, bayan ya taso daga aikin gini. Masu lambun ƙauyen Mertoutek sun gwada, sun ce a ƙaro musu. Sai dai ba wurin ƙira, ba injin walda. In ya samu waɗannan, ya rabu da kwaɓa siminti ke nan.

Sa'adiya, matar Tijani, haifaffiyar Tamanrasset ce mai takardun ƙasa, da sunanta aka yi wa sana'ar rajista, tunda su Tijani baƙi ne. Ita ta kawo labari: buron tallafa wa sabuwar ƙirƙira yana ba da wurin aiki da inji. Buron ƙananan sana'o'i ma haka, kusan iri ɗaya.

"Mu kama ɗaya, Yaya," in ji Isufu.

Tijani ya yi dariya. Ya tsufa a cinikin atamfa. "Kai ƙarfe ka sani. In mutum biyu na son kayanka, gaban kayan ake haɗa su. Kowa ya ga idon ɗan'uwansa, sai tayi ya hau."

"Malam, gwamnati fa ba mai sayen zane ba ce," in ji Sa'adiya.

"Ke dai turara mana kuskus."

Tijani ya gayyaci buro biyun rana ɗaya, bai gaya wa kowa da zuwan ɗayan ba. Na ƙirƙira suka turo wani mai tabarau, na sana'o'i suka turo wata madam. Suna haɗa ido suka gaisa da suna. Ashe benensu ɗaya.

Aka ci, aka sha shayi. Isufu ya kunna fanka. Madam ta ɗanɗana busasshen tumatir, ta ƙara. Mai tabarau har durƙusawa ya yi yana leƙen waldar. Ya buɗe baki zai yi magana, Tijani ya riga shi, da Larabcinsa na kasuwa.

"Ranka ya daɗe, su madam sun riga sun ce namu ne. Amma in kun ɗara su, mu yi magana."

Mai tabarau ya ajiye kofi. "Ashe kuna hannunsu. Dokarmu ba ta taɓa wanda wani buro ya riƙe."

"Mu?" in ji madam. "Na ɗauka naku ne. In ƙirƙira ta shigo, mu sai mu ja baya."

"Ba wanda ya ba mu komai," Sa'adiya ta ce da sauri. "Maigidana wasa yake."

Baƙin suka yi murmushi, suka yaba girki, suka tafi a mota ɗaya. Sa'adiya ta yi ta zarya a benen nan. Sama su ce ƙasa, ƙasa su ce sama. Kafin a warware zancen, an raba wuraren aikin ga wasu.

Isufu ya koma gini a unguwar Gataa El Oued. Da aiki ya yi ƙasa, ya bi motar arewa.

Da aka sake buɗe tallafin, Tijani ya kira shi a waya. "Ka dawo, ƙanena. Buro ɗaya za mu je. Ni ko baki ba zan buɗe ba."

Ana jin ƙarar injin kwaɓa a bayan Isufu. "Yaya, na sa hannu da wani mai gini a nan. A gaida Yaya Sa'a."

Na'urar tana nan bayan shago. Kowace safiya Tijani kan goge gilashinta kafin ya baza atamfa. Rannan masu lambu biyu suka zo tare, kowa na cewa shi za a sayar wa, har suna ɗaga murya. Tijani ya dube su, ya ja buhu ya rufe ta.

"Mai ita ya yi tafiya," ya ce.