Malam Mudi Bai Kori Ɗansa Ba

Hajiya Barakatu tana baza waken suya a tsakar gida don ya sha rana, maƙwabciyarta Hajo ta yi sallama ta shigo riƙe da waya.

"Hajiya, an sake fito da wani," in ji Hajo. "Wannan ma ya fi na baya tsawo."

Barakatu ba ta tambayi ko mene ne ba. Ƙanenta Zainulabidin, wanda jama'a suka sani da Zainu Dayi, ya shekara goma sha biyar yana waƙa. Tun da sunansa ya zagaye Arewa, ba a wata guda wani bai haɗa bidiyon tarihinsa ya ɗora a intanet ba. Ba wanda ya sa su, su ma ba wanda suke tambaya. Ta goge hannu da gefen zane ta karɓi wayar.

Aka fara da kiɗan tausayi. Sai wata murya irin ta na'ura, wadda ba ta ko numfashi, ta shiga bayani tana kiran garinsu Dayi da "Daye". Aka nuno wata bukka a gindin dutse, wadda ba ta yi kama da ko'ina a ƙasar Malumfashi ba. Aka nuno wani dattijo ya murtuke fuska riƙe da sanda, an rubuta a ƙasa wai mahaifin Zainu ne. Barakatu ba ta taɓa ganin mutumin ba. Muryar ta ce uban ya fasa wa Zainu fiyano da taɓarya, ya kore shi daga gida, ya yi wata uku yana kwana a tashar Funtua.

"A na baya da gatari aka fasa," in ji Barakatu.

Mahaifinsu Malam Mudi ya rasu shekara shida da suka wuce. Manomin auduga ne da masara, ba mai yawan magana ba. Gaskiya ne waƙa ba ta dame shi ba, amma shi ne ya goya Zainu a babur tun daga Dayi har Funtua ranar da zai fara shiga situdiyo, ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi har aka gama. Sharaɗi biyu kawai ya kafa masa: kada ya zagi kowa a waƙa, kada ya yi wasa da salla.

Za ta miƙa wa Hajo wayar ke nan sai ta ga fuskar da ta sani. Tajudeen ne, mai situdiyon da Zainu ya fara waƙa a ciki. An gama maganar korar, sai ga shi yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka aka yi, a gabana aka yi."

Washegari ta shiga motar Funtua.

Tajudeen haifaffen Funtua ne, mahaifinsa Bayarabe ne da ya zo kasuwanci tun zamanin da. Situdiyon nasa yanzu ya koma na haɗa bidiyon biki da tallar takin zamani. Yana ganinta ya miƙe ya jawo mata kujera.

"Yaya Baraka, na san abin da ya kawo ki."

"Malam Taju, ka ci tuwo a gidanmu. Ka san Baba. A gabanka aka yi me?"

Ya zauna gaban kwamfuta ya daɗe yana bincike, sannan ya kunna mata wani bidiyo. Shi ne dai, da rigar nan, a kan kujerar nan. Mai tambaya ya ce masa da gaske ne Zainu ya rera waƙarsa ta farko sau ɗaya ba tare da kuskure ba? Tajudeen ya gyaɗa kai ya ce, "Haka aka yi, a gabana aka yi."

"Hirar shekara huɗu ce," in ji shi. "Awa biyu na yi ina magana. Wannan guntun kaɗai suke yankowa. Na gan shi a bidiyo bakwai. A ɗaya na shaida korar, a wani na shaida cewa Zainu ya taɓa tallar kifi, a wani kuma wai aljana ce ke ba shi baiti."

"Ba ka yi musu magana ba?"

"Wa zan yi wa? Wani yana Legas, wani ko sunansa babu. Na rubuta a ƙasan bidiyo cewa ƙarya ne, aka ce hassada nake yi." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kowa daga na wani yake kwafa, ya ƙara nasa gishirin. Ko shekarar da waƙar farko ta fita ba su daidaita a kai ba."

Da za ta tafi ya ce akwai wata Amatullah daga Zariya, ta karanci aikin jarida, ta zo wajensa sau biyu. Ita dai tana tambaya kafin ta yi, har ta je Dayi da ƙafarta ta ɗauki hoton makarantar da Zainu ya yi. Tana neman ɗan uwansa na jini da zai yi magana.

"Ban ce ki yarda ba," in ji shi. "Amma in ba ku faɗa ba, wa zai faɗa?"

Amatullah ta zo ranar Laraba, da kyamara ɗaya da ƙaramin makirfo da ta maƙala wa Barakatu a mayafi. Ta durƙusa ta gaida ta, tana kiranta Mama. Barakatu ta saki jiki. Ta fito da hoton Malam Mudi na gaskiya, wanda ya ɗauka a gonar auduga. Ta ba da labarin babur da zaman bakin ƙofa. Ta ce da waƙoƙin suka fara karɓuwa, Zainu ya tsaya jan ƙafa saboda damina ta kama, ba ya son barin tsoho da aikin gona.

"Baba da kansa ya ce ya tattara kayansa ya bar gidan nan ya tafi Kano, don zaman Dayi ba zai kai shi ko'ina ba. Ya raka shi har bakin titi ya sa masa albarka." Nan ta share ido da bakin mayafi.

Bayan sati uku bidiyon ya fito. Ba laifi, an kira garin da sunansa daidai, hoton ma na Malam Mudi ne. Amma da aka zo wajen barin gida, sai ga irin kiɗan tausayin nan, sai ga Barakatu tana cewa, "Baba da kansa ya ce ya tattara kayansa ya bar gidan nan." Aka yanke. Aka nuno ta tana share hawaye. A saman bidiyon an rubuta da manyan baƙaƙe cewa yayar Zainu ta fasa ƙwai.

Ta kira Amatullah. Sai a kira na huɗu ta ɗauka, muryarta can ƙasa.

"Mama, wallahi ba ni na yanka ba. Mai tashar intanet ɗin da nake yi wa aiki na ba cikakke. Ya ce wanda na haɗa ba wanda zai kalla har ƙarshe."

"To ki ɗora naki mana."

"Na ɗora a shafina, Mama. Mutum ɗari biyu da wani abu suka kalla."

Na mai tashar kuwa ya haura dubu ɗari huɗu. A gidan suna, wata mata da ta san Malam Mudi tun yana raye ta dafa kafaɗar Barakatu ta ce ashe haka tsohon nan yake da zafi, Allah Ya yafe masa. Barakatu ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga abin da tsawo, ta ce amin.

Da ta koma gida ta kira Zainu. Yana cikin mota, a hanyar wani wasa.

"Yaya, na gani," ya ce tun kafin ta fara. "Da kin tambaye ni da na ce kada ki yi."

"Zainu, daga ina maganar nan ta fito tun farko?"

Sai ya rage murya.

"Wata hira ce, tun ina sabo. Mai tambayar ya ce ai duk mawaƙi sai iyayensa sun kore shi, ko ba haka ba? Na yi dariya na ce kusan haka ne. Ina son in burge, Yaya. Ban san za ta kai nan ba."

"Baba yana da rai lokacin?"

"Yana da rai. Ya ji ma. Da na zo gida sai ya ce, 'Ashe na kore ka?' Ya yi dariya. Bai ƙara tayar da maganar ba."

Barakatu ba ta taɓa jin wannan ba. Ta zauna a kan buhun da ke kusa da ita.

"Ka gyara," ta ce.

Ya gyara. Bayan kwana biyu ya ɗora bidiyo na minti ɗaya, yana zaune shi kaɗai, ya ce mahaifinsa bai taɓa korarsa ba, shi ne ya yi kuskuren magana, yana roƙon a daina. Idonsa ya ɗan kawo ruwa a ƙarshe. Kafin sati ya zagayo, sababbin bidiyoyi uku suka fito. Tajudeen ya turo mata sunan ɗaya daga ciki: Zainu ya fashe da kuka, ya yafe wa mahaifinsa. A ƙasa ya rubuta, "Wannan karon ma ina ciki."

Ba ta buɗe ba. Da yamma wasu mutum biyu suka tsaya da mota a ƙofar gida, suka aiko cewa daga Kaduna suke, hirar minti goma kawai suke so su yi da ita. Ta ce a gaya musu ta gode, ba ta da abin faɗa. Suka ɗauki hoton ƙofar gidan da katangar, suka yi gaba.